Dodon da Rifkatu ta ƙera

Gaskiya ɗaliban Samaru sun cancanci jinjina. Mu muna kasuwar Sabon Gari muna fama da masu taya atamfa, su kuwa sun kewaye tebur suna ƙera dodo.

Jiya na kai wa 'yar yayata Rifkatu saƙo, na tarar da ita da abokan karatunta suna wasa. Wasan labari ne, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, a jefa ɗan lido a ga ko saransa ya shiga. Ita ce mai tsara musu abokan gaba. To jarumin abokinsu Emeka ya ƙasaita, ba dodon da ke jure masa, har sauran sun ce in yau ma haka ne, sun bar wasan.

Emeka ya jefa, ya ce, "Na sare shi! Madam, kawo na gaba."

Rifkatu ta ce, "Saran ya shiga. Amma wannan dodon da ya zo cinye gari, duk saran da ka yi masa, mutum ɗaya a garinku zai manta da kai. Ga mahaifiyar jaruminka can a ƙofar gida tana cewa, bawan Allah, wa kake nema?"

Emeka, ƙato da gemunsa, ya ajiye ɗan lidon a hankali ya ce, "Haba Rifkatu, ba ki da imani."

Sauran kuwa suka jawo kujeru, ba mai zancen tafiya.

Da ku ne, za ku ƙara saran, ko ku bar dodo ya cinye gari muddin ana gane ku a gida?