Hagun Usman

Ranar wata Alhamis ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a filin besbol na wata unguwar Amurkawa mai katanga a arewacin Jidda. Akwai mahaifinmu, wanda aikinsa shi ne ba ciyawar filin ruwa, da kocin yara, wani dattijo mai furfura, sai ni da ƙanena Usman. Ina da shekara goma sha uku, shi sha ɗaya. Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar, na mai tsaron bayan fili, wato wanda ke cafke ƙwallon da aka bugo nesa ya jefo ta gida. Gwaji ɗaya aka yarda a yi mana.

A unguwarmu Madain Fahd muka koyi wasan, da ƙotar tsintsiya da ƙwallon tanis, tsakanin motocin da aka ajiye a layi. Usman bahago ne. Umma ta daɗe tana yaƙi da hannun nan, har ɗaure shi take yi da ɗankwali lokacin cin abinci. "Ba a miƙa wa babba abu da hagu," in ji ta. A layi kuwa, da hagun yake jifa daga bakin masallaci har shagon wani Bayamane, mutumin Yaman.

An bugo masa ƙwallo uku, ya cafke duka. Amma dattijon ne ke tsaye yana jiran jifa, don haka Usman ya jefa da dama. Duka ukun suka faɗi a rabin hanya suna gangarawa. Kocin ya duba agogo.

Baba ya ajiye tiyo ya ɗaga murya. "Kai Usman, ba abinci kake miƙa masa ba. Yalla, maza, da hagu."

"Umma fa?"

"Halas, shi ke nan, ni zan gaya mata."

Ta huɗu ya cafke, ya cire safar fata ta cafkewa da ke hannunsa na hagu ya yar, ya jefa da hagun. Ba ta taɓa ƙasa ba sai hannun kocin.

Yanzu an yi gini a inda filin yake, yaran layinmu kuma ba sa fitowa da yamma kamar da. Ni ba a ɗauke ni ba. Usman ya yi shekara tara yana tsaron bayan fili a ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru a Amurka, har kafaɗarsa ta gaza.