Fankar Rudun Baba

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare ta Goronyo lokacin da na gamu da shafin. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu babu komi cikinsa sai tebura da gidan rina, shi ya sa da wani abokin aikina ya nuna mini a wayarsa, sai na ji kamar an buɗe mini taga. Shafi ne na intanet da mutum zai zana haɗin lantarki, ya ɗauko batir ya ajiye nan, ya jawo waya, ya sa transista, sannan ya danna maɓalli ya ga yadda wuta za ta gudana. In ka yi kuskure, jan rubutu ne kawai zai fito. Babu hayaƙi, babu wari.

Gidanmu na ƙauyen Boyekai, kuma albasa muke nomawa tun kakanni. Bayan an cire ta, Baba yakan zuba ta cikin rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace, ta jira har kasuwa ta yi kyau. Kowace damina zafi da laima sukan shiga, a buɗe a tarar da wani sashe ya ruɓe ya zama ruwa. Na taso da wannan warin a hancina. Don haka abin da na fara zanawa da gaske shi ne 'yar na'ura da za ta ji zafin cikin rudu, in ya yi yawa ta tada fanka da wutar sola, in ya sauka ta kashe.

Wata da watanni ina gyara zanen. A allo ya yi aiki tsaf. Na ɗaga zafi, fanka ta tashi. Na sauke, ta tsaya. Abokin nawa ya kalla ya kama baki.

"Kada ka nuna wa kowa," ya ce. "Akwai takardar da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiri abu, ta shaida cewa nasa ne. In wani ya riga ka, ka yi wa banza aiki."

Ya haɗa ni da wani lauya ɗan ajinsu da ke Abuja. Lauyan ya ce in aiko da zane da bayani zai bincika, amma in rufe bakina har sai an shigar da takarda. Na aika. Na kuma rufe bakin, fiye ma da yadda ya nema.

Akwai ƙanen mahaifiyata a Wurno, mai gyaran rediyo tun ban san hannun damana ba. A rumfarsa na fara riƙe ƙarfen dalma. Da na je sayen wayar lantarki wurinsa ya tambaye ni, "Mi kaka haɗawa haka, ɗana?"

Na ce, "Aikin 'yan makaranta ne, Kawu."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya auna mini wayar. Ban yi zaton zai sace mini komi ba. Tsoro nake kada ya yi hira da masu kawo gyara, magana ta yi ƙafa.

Cikin wannan damina ce aka yanke layin waya a yankinmu gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Mun wayi gari wayoyi sun zama tocila. Shafin ya tafi da layin, zanena na ciki. Abin da ya rage mini hoto ɗaya ne da na taɓa ɗauka na allon. Hanyar Sakkwato kuma ta lalace; a makon nan aka tare mota kusa da Rabah aka shiga daji da mutane. Transistar da na zana da ita babu irinta a Goronyo, sai Sakkwato. Na ciro wata daga mataccen injin canza wuta, na ce ai duk kanwar ja ce. Da akwai layi, da na sa ta a shafin na gani. Babu, kuma albasa ta fara wari.

Na tafi Boyekai da na'urar cikin kwalin sabulu. Baba na zaune gindin darbejiya yana gyaran igiya. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Ka gwada shi?"

"Na gwada, Baba. Sau ba adadi."

"To. Ilimin da munka kai ka nema ke nan. Sa mishi."

Ban faɗa masa a ina na gwada ba. Na ɗaure kwalin a jikin karan rudu ta ciki, na kafa fanka, na ɗora faifan sola bisa rufin ciyawa. Fanka ta tashi. Mahaifiyata ta leƙo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, maƙwabta suka zo kallo, ni kuwa na tsaya gaban kwalin don kada su ga cikinsa. Kwana huɗu tana aiki. Na koma makaranta ina tafiya kamar ƙasa ta yi mini kaɗan.

Rana ta biyar Juma'a ce. An yi kwanaki ba ruwa, rana ta buɗe da ƙarfi. Maza duk suna masallaci. Baba bai je ba saboda ciwon gwiwa, shi ya sa shi ya fara ganin hayaƙin. Mahaifiyata ta ce ta ji yana kiran sunana, alhali ya san ina Goronyo. Ya kutsa hannu ya fizgo kwalin, robar waya ta narke ta manne masa a tafi. Ciyawa busassa, ɓawon albasa busasshe. Kafin a sallame salla, rudunmu ya tafi, wutar kuma ta lashi rabin na maƙwabcinmu.

Babu waya, sai da la'asar wani mai babur ya kawo mini labari. Na tarar da unguwa tana warin gasasshiyar albasa. Mata na tona toka suna ware waɗanda ba su ƙone ba, ba su cika kwando uku ba. Baba na kwance a zaure, an naɗe masa hannun dama da tsumma. Na durƙusa gabansa.

"Ka ci abinci?" ya ce.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan mun kai shi asibiti, na ɗauki ƙonannen kwalin na tafi Wurno. Kawu ya juya shi da tsinken sukurdireba, ya daɗe.

"Ina fiyus?"

Ban sa fiyus ɗin da zai katse wuta in ta yi yawa ba. A shafin ban taɓa buƙatarsa ba.

"Wagga transista kuma ba ta ɗaukar wutar fanka, balle cikin zahi, ba ƙarhen da za ya sha mata zahi. Da ka nuna min, da kallo guda..." Bai ƙarasa ba. Ya tura mini kwalin. "Ni kaɓ ɓoye ma, ɗana? Ni?"

Maƙwabcinmu bai kai ƙara ba, albarkacin zaman shekaru. Baba ya ba shi gonarmu ta bakin fadama ya noma shekara biyu, ya kuma hana a sake tada maganar a gidan. Yatsunsa uku sun warke a lanƙwashe. Bai ƙara riƙe fartanya da wannan hannun ba. Ƙannena biyu suka bar gona suka tafi kudu neman aikin ƙarfi, ɗaya har yau bai dawo ba.

Da aka maido da layi, saƙonni suka shigo a tare. Cikinsu akwai na lauyan, ya yi makonni yana jira. Ya ce ya bincika, irin wannan na'ura an daɗe da yi mata takarda a wata ƙasa don rumbunan hatsi, har wa'adin takardar ya ƙare, kowa na iya haɗawa. Ya liƙo zanen. Na buɗe. Kusan nawa ne, sai dai an yi shi tun ina firamare, kuma ga fiyus nan a layin farko.

Na je gida ƙarshen mako. Na tarar da Baba yana ƙoƙarin alwala, butar na zame masa. Na karɓa na riƙa zuba masa ruwa. Yana wanke hannun ya tambaye ni ko mutumin Abuja ya amsa. Na faɗa masa gaskiya duka, har da cewa a waya kaɗai na taɓa gwadawa.

Ya shafi kansa, ya wanke ƙafafu, ya miƙe da kyar yana dafa kafaɗata.

"Ka tahi ka ba kawunka haƙuri," ya ce. "Ya hi ni jin ciwo."

Na je. Kawu ya amsa gaisuwata, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ci gaba da gyaran rediyon da ke gabansa har na tashi.