Kujerar Jirgi a Ƙofar Jatau

A bakin wani zaure a Ƙofar Jatau, wani dattijo yana zaune a kan shuɗiyar kujerar jirgin sama, wadda soso ya fara leƙowa daga hannunta. Farar rigarsa ta sha guga, takalminsa kuwa sai ƙyalli yake yi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gyaran jiragen wani kamfani. Da aka sayo sababbi, sai aka sallame su tare, shi da tsofaffin jiragen, aka yi masa sallama da kujera guda.

Wani maƙwabcinsa yana wucewa, ya ce, "Injiniya, har yanzu ba a tashi ba?"

"Yi dariyarka, Malam Bahago. Sababbin nan kwamfuta ce zalla. Ranar da ɗaya ya yi tari, ni za su nema."

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Dattijon ya miƙe tsaye, ya daidaita wuyan riga, ya yi gyaran murya, sannan ya amsa. Ya saurara jim kaɗan, ya sunkuyar da kai.

"To, Hajiya. Injin markaɗen ne kuma? Ga ni nan zuwa."