Muryar Dilmaya a Bayan Jita

Dilmaya Subba ba ta iya zama wuri ɗaya ba, kowa a unguwarsu da ke garin Dharan ya san haka. In ta ɗora shinkafa sai ta tafi duba kaji, in ta isa wurin kaji sai ta tuna da shanya. Tun da mijinta ya rasu, ɗanta Prabin kuma ya tafi aikin gini a Ƙatar, abin ya ƙaru. Gidan ya yi mata faɗi, sai ta ba wani saurayi, Nirajan, hayar ɗakin sama.

Ashe mawaƙi ne, daga shi sai jita da 'yar na'urar ɗaukar murya. Damina guda ya yi yana nanata waƙoƙinsa, ita kuwa tana dukan silin da sanda.

"Kai ɗan nan, wa ya mutu ne? Kullum kuka kamar akuya a turke!"

"Inna, faifai nake haɗawa."

"To haɗa shi da dariya mana. Sauko ka ci abinci."

Faifan ya fito, shi ne nasa na farko. Dilmaya ba ta bi ta kansa ba sai ranar da ta ji shi a motar haya, daga wayar wata ɗaliba. Ta zunguri yarinyar.

"Me kika gani a wannan? Murya duk a shaƙe!"

"Ai shi ne daɗinsa, Inna. Bai goge komai ba. Kina jin ruwan sama a kan kwanon rufi, kina jin numfashinsa. Kamar a ɗakinmu yake zaune."

Dilmaya ta yi tsaki ta sauka tun kafin tasharta.

Ana nan sai Prabin ya bugo waya, muryarsa wani iri. Ya ce duk 'yan ɗakinsu faifan suke ji in an tashi aiki, musamman waƙar uwar da ke zaryar tashar mota tana duba fuskokin masu sauka.

"Inna, a ƙarshenta akwai wata mata can nesa tana kiran kaji. Ke ce ko?"

Ta riƙe ƙofa. "Wa zai kira su in ba ni ba?"

Ya yi dariya, dariyar ta karye, ya kashe wayar.

Ta haura sama da faɗa a bakinta. Nirajan yana ɗaure kaya, an kira shi wasa a Kathmandu.

"Wa ya ce maka ina zuwa tasha?"

Ya sunkuyar da kai. "Daga taga ake hango hanyar, Inna."

Ta ƙwace igiyar ta ɗaure masa kayan da kanta.

Prabin ya zo gida bikin Dashain, babban bikinsu na shekara, karo na farko cikin shekaru. Ya yi wata guda, ya gyara mata rufin kicin, sannan ya koma.