Tsumma a Bakin Bututu

Har yau in wani ya ce mini ba a sanyi a Doha, ji nake kamar in kwaɗa masa mari. Ana yi. Wata biyu ne kacal, amma a gidan da muke haya a unguwar Old Airport, mu tara 'yan Arewa, ruwan wankan safe sai ya sa ƙato kaɗa haƙora.

A shekara ta biyu ta korona mai gidan ya ga dama ya sa mana sabuwar hita mai gas, tana dafa ruwa, tana kuma ɗumama ɗakin da ke jikinta. Ranar ina hutu, ni na tsaya a kan mai haɗawa, wani Ba'indiye mai haƙuri. Ya huda bango, ya fitar da farin bututu ta bayan gida. Ya ce wannan ba ta shan gas kamar na da, amma hayaƙinta ba ya wari, ba a kuma ganinsa. Ya kama hannuna ya ɗora kan bututun, ya ce kada komai ya toshe nan. Sau uku ya faɗa.

Na kai maganar ga Baba. Direba ne, mutumin Funtuwa, shi ne babba a gidan, shi ya sa muke ce masa haka. Yana danna waya ya ce, "To, to."

Baba yana da ɗabi'ar da ya taho da ita daga gida. Sanyi na shigowa zai ɗauki tsumma da kwali ya zagaye gida, duk kafar da ya gani ya cusa mata. Har godiya muke masa, mu sakarkaru.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ni na yi masa hanyar zuwa, gadi yake a wani kanti a Mushairib. Shi ke kwana a ƙaramin ɗakin jikin hitar. Ya fara da ciwon kai, sai jiri, sai amai. Baba ya tara mu a tsakar gida ya ce korona ce, in aka kai shi asibiti manhajar korona da ke wayar kowa za ta koma ja, ba mai shiga wurin aiki, kamfani kuwa ba ya jin uzuri. A rufe shi, a ƙure hita, zufa ta fitar da cutar.

Na ce, "Baba, jikinsa fa babu zafi."

Ya ce, "Yaro, yaushe ka zama likita? Khalas, magana ta ƙare, a rufe."

Na bi umarninsa. Wannan biyayyar ce ke cina har gobe. Ni da hannuna na murza makulli, na jefa a aljihu, don kada ya fito ya shafa wa mutane. Kwana biyu ina miƙa masa abinci ta bakin ƙofa, fuskata a rufe, ina ce masa ya daure.

Rana ta uku da la'asar na dawo daga aiki, na zagaya baya in kwashe kayana daga igiya. Sai idona ya faɗa kan bututun. Tsohuwar singiletin Baba ce a ciki, an cusa ta da sanda, ta yi baƙi ƙirin. Ban san lokacin da na isa ɗakin ba. Na same shi a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ya rarrafo ya kasa ƙarasawa. Na jawo shi waje ina kiran sunansa, ba ya amsawa.

A asibiti suka gwada shi. Babu korona, ko ƙwaya. Hayaƙin hitar ne ya yi ta shaƙa.

Ya rayu, amma ba shi ne ya tashi ba. Za ka ba shi saƙo, kafin ya kai ƙofa ya manta. Ya koma aiki sati uku, suka ce ba za su iya da mai gadin da ke manta ko ya kulle kanti ba. Aka sallame shi, ya koma gida ana saura wata kaɗan a fara gasar kofin duniya. Gari ya cika da tutoci da kiɗa, ni ina tsaye bakin ƙofar filin wasa inda aka ajiye ni aiki, ina duba tikitin mutane zuciyata na tafasa.

Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Cewa ya yi ƙaddara ce, shi alheri ya nufa. Ƙaddara ce ta ɗauko sanda? Tun ranar ban ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, gaisuwa ma don Allah nake amsawa. Amma ƙarya nake in na ce duk haushin nasa ne. Shi "to, to" kawai ya ce, bai ji ba. Ni na ji sau uku, kuma ban taɓa zagayawa na duba ba.

Bayan ƙanena ya isa gida, Inna ta kira ni. Ta ce ya ba ta labari, abin da ya iya tunawa, wai ni na fito da shi. Ta yi ta sa mini albarka, ta ce da ma ta san muddin ina kusa babu abin da zai same shi.

Na ce, "Amin, Inna."

Ya manta wanda ya kulle ƙofar. Ni kuma har yau ban gaya mata ba.