Ƙwayar Gyaɗa Ɗaya a Guangzhou

Talata: Katsina zuwa Kano

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, na bar gida. Jakata ɗaya, sai wani gwangwanin biskit da na rungume a ƙirji. Maman Hafsa ta rako ni har zaure tana cewa, "Malam, saro wandunan jins za ka, ba dambe ba." Na ce mata ba ta san kan sauti ba. Ta ce to, Allah ya tsare.

Bari in gaya muku abin da ke cikin gwangwanin. Waƙar da ke wayarku lambobi ce zalla, sai an sami na'urar da za ta mayar da ita abin da kunne ke ji. Masu harkar suna ce mata dak. Wata takwas na yi ina haɗa tawa da hannuna, yatsuna duk tabon dalma. A Guangzhou kuwa akwai wani shago da mahaukatan sauti irina ke taruwa kowace Asabar, a kara na'ura biyu a bayan labule. Dokarsu ɗaya ce: wadda ta faɗi ba ta fita, a kan kantar shagon za ta zauna. Na san dokar sarai, na kuma ɗauko abina.

Mun shiga Kano tara saura. A filin jirgi jami'in bincike ya buɗe gwangwanin, ya ga wayoyi ja da baƙi, ya ja da baya. Sai da na jona masa abin kunne ya saurara. Ya ce, "Ba laifi." Aikin wata takwas, wai ba laifi. Na haɗiye, don jirgi ba ya jiran mai gardama.

Laraba zuwa Juma'a: Guangzhou da Xintang

Bayan yada zango a Addis Ababa, mun sauka Guangzhou Laraba da la'asar. Alhaji Isufu, ɗan Maraɗi da ya shekara goma a garin, shi ya tarye ni, shi ne kuma tafintana. Ya sauke ni a wani ɗaki a hawa na tara, ɗakin da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu. Muka ci taliyar nan da Musulmin ƙasar ke ja da hannu, yuwan sha takwas kwano.

"Bon, Malam Habu," in ji shi, "bar gwangwanin ga a ɗaki. Mutanen ga ba su san wasa ba."

Na ce masa ko cikin barci aka kunna min shi zan gane muryarsa.

Alhamis da Juma'a muka yi su a Xintang, garin da ake sarin jins, tafiyar awa ɗaya. Duk launin da na tambaya sai a ce "meyo", wato babu. Na dai yi sarin, amma wallahi hankalina yana kan Asabar.

Asabar: Liwan

Ƙarfe biyu da rabi muka hau benen shagon. Mai shi, wanda kowa ke kira Lawban, tsoho ne mai singileti, ga lasifika biyu a bayansa kowace ta kai girman ƙofar ɗaki. Mutum biyar muka tarar, kowa da kwalbar giyarsa. Da Isufu ya yi musu bayani cewa mu ba ma sha, nan da nan aka kawo mana shayi da faranti na soyayyar gyaɗa, har da ba da haƙuri.

Musunsu irin namu ne sak. Wani ya ce na'urar da ba ta kai nauyin buhun siminti ba, wasan yara ce. Wani ya ce duk ƙarya ne, sauti ɗaya suke bayarwa. Wani mai gilashi ya rantse kowace na'ura tana ƙara daɗi daga kwalba ta biyu. Na ce wa Isufu ashe ni kaɗai ne zan yi alƙalanci da kunne garau.

Aka shigar da gwangwanina bayan labule tare da na'urar Lawban, wadda sai da mutum biyu suka ɗaga. Alƙalai bakwai: su shida har da Lawban, sai ni. Ƙuri'arsu marfin kwalba ne, a jefa a kwanon farko ko na biyu. Ni da ba ni da marfi, sai aka ce in jefa ƙwayar gyaɗa.

Matar Lawban ce ke jona waya a ɓoye. Aka sa kiɗan molo da na ɗauko da kaina a wani biki. Ta farko ta yi, tsirkiya na fita tsaf, har numfashin makaɗin ana ji. Murna ta kama ni, na ce ga yarona nan. Ta biyu ta yi, na taɓe baki. Ban tsaya nan ba, na sa Isufu ya fassara musu cewa wannan ta biyun kamar a cikin randa ake kiɗan.

"In faɗi haka?" in ji Isufu.

"Faɗa musu."

Aka rufe kwanukan da tawul, kowa ya zura hannu ya jefa. Da aka yaye, kwano na biyu marfi uku. Kwano na farko marfi uku, da gyaɗa ɗaya zaune a tsakiya. Aka ja labule. Ta biyun ce gwangwanina.

Ba wanda ya yi dariya sai Isufu, shi kam har da riƙe ciki. Lawban ya nuna min marfinsa, a kwanon gwangwanina ya jefa. Shi ma bai gane tasa ba, amma shi kuskurensa yabo ne. Ya karɓi gwangwanin da hannu biyu, ya ɗora a kanta kusa da wasu goma sha, ya rubuta wani abu a takarda ya liƙa. Na tambayi Isufu me ya rubuta. Ya ce, "Wai: mai shi ne ya kayar da shi."

Talata: gida

Na iso Katsina bayan magariba. Maman Hafsa ta dubi hannuna, ta kawo tuwo. Sai da na ci rabi na ba ta labarin duka. Na gaya mata gaskiya, rashin gwangwanin bai yi min ciwo kamar yadda na zage shi a gaban baƙi ba, alhali mutum uku da ba su san wahalarsa ba sun tsaya masa.

Ta ce, "To ai Sinawa sun so shi, Malam. Kai ne dai."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Isufu, na gode wa Lawban da shayinsa. Ni da kunnuwana kuwa har yau ba ma ga maciji.