Ganyen alkamar Zainabu a firigona

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Zainabu, kuma shekara bakwai ke nan ban kwana a wajen Diffa ba. Ni ɗan kasuwa ne, ruwan sanyi da lemo nake sayarwa kusa da masu tattasai. Ita ce ta yi boko a gidanmu, har ta zama mai binciken tsirrai.

Aikinta a kan wata tsohuwar alkama yake, wadda mutanen wani ƙauye na bakin kogin Komadugu suke nomawa, zafi ba ya kayar da ita. Ta ce sirrin yana cikin wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ribozom sunansu, su ne ke ƙera abin da ke gina jikin tsiro. Na sha yi mata tsiya cewa ta tafi har Yamai don koyon daka. Dakan ne kuwa. A tsinko ɗanyen ganye a tsoma cikin ƙanƙara nan take, a niƙe shi a ɗan turmin tangaran mai sanyi, a tace, a zuba kan ruwan sukari mai kauri cikin kwalba, sai inji ya yi ta juya kwalbar awa da awanni har abin ya kwanta a ƙasa kamar ɗigon ƙaro. Ba a taɓawa sai da safar hannu, gumin yatsa kaɗai yana ɓata shi. Injin yana labo, ɗakin bincikensu a Yamai, firigo na sanyaya lemo kuwa yana shagona.

Zuwanta ƙauyen na ƙarshe, kafin a tashi mutanensa saboda rashin tsaro, ta dawo da ganyen alkamar cikin ledoji masu lamba ta jera su ƙarƙashin lemona a firigo. Ta ce, "Yaya, ko me za a yi kada su narke, sai na samu motar kai su Yamai." Kafin motar ta samu zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana tara ta yi.

Tun ranar nake gadin firigon nan. In an ɗauke wuta sai in tada gurup, injin ba da wuta, har a lokacin da esansi, man injin, ya yi wuyar gani a garin. An ɗaura auren ɗiyata a Damagaram ban je ba. Matata ta koma can wajen yara, in ta kira sai ta ce, "Alhaji, ya amaryarka ta cikin ƙanƙara?" Nakan yi dariya, amma wallahi na gaji. Wani lokaci ina jin haushin Zainabu, sannan in ji kunyar haushin.

Da za ta ga bakin kogin yau, gonakin sun koma ƙaya, masu su suna zaune a rumfuna gefen kwalta, ban jin za ta tsaya kuka. Za ta ɗauki littafinta ta bi su rumfa-rumfa da tambaya, ta hana kowa sakat.

Watan jiya abokiyar aikinta, Madam Mariyama, ta zo Diffa ta biyo shago. Na buɗe mata firigon ina alfahari. Ta ɗaga leda ɗaya ta daɗe tana kallo. Ta ce sanyin firigon shago ba ya riƙe irin wannan abu sai na ɗan lokaci, na ciki ya lalace tun shekarar farko. Sannan ta ce, "Ba komai, Alhaji, in an shuka wani ganyen zai fito. Ina irin? Ta gaya mini ta kawo tiya biyu."

Sai na tuna da ɗan buhun alkamar da muka tarar bayan ƙofar ɗakinta, ba lamba, ba rubutu. Mun ɗauka cefane ne. Ranar sadakar arba'in mata suka niƙa shi suka yi alkaki aka raba wa maƙwabta. Ni ma na ci, har na yaba.

Madam ta yi kwana biyu tana bin rumfunan mutanen ƙauyen. Ba wanda ya fito da ko ƙwaya, da kayan jikinsu suka gudo. Abin da ya rage na aikin ƙanwata shi ne ledojin nan da ba su da sauran amfani, da maganarta da na riƙe ban fahimce ta ba. Allah ya jiƙan Zainabu, ya yafe mini.

Da za ta tafi, Madam ta ce in zubar da su in koma wajen iyalina. Sau uku ina buɗe firigon da niyyar haka. Jiya da aka ɗauke wuta, na tashi na tada gurup.